Haɗa akwatin sifika a gida: rauta ta hannu ko injin CNC?

Waƙar da ke fita daga waya ta Bluetooth ba ta yin daɗi sai akwatin sifika ya dace da sifikar da ke cikinsa. Shi ya sa matasa a cikin birnin Kano kan sayi sifika da amfilifaya a Sabon Gari, su ɗauko filawud daga 'Yan Katako na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo, su kai wa kafinta ko su haɗa da kansu. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen yanka, domin rami ɗaya da ya karkace na iya jawo asarar falle guda. Hanyoyi biyu ake bi: rauta ta hannu, ko injin CNC mai aiki da kwamfuta.

Lissafi kafin yanka

Kowace sifika tana da girman iskar da take buƙata a bayanta. Neville Thiele a 1961 da Richard Small a farkon shekarun 1970, dukkansu a Ostareliya, su suka tsara lissafin da kamfanoni ke bi har yau, kuma manhajar WinISD ta kyauta tana yin sa a kwamfuta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne auna waje maimakon ciki. Akwati mai santimita 40 da 40 da 35 ta waje zai yi kamar lita 56. Amma idan kaurin katakon milimita 18 ne, abin da ya rage a ciki bai kai lita 42 ba. Kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi, kuma bas ne zai biya bashin. Babu injin da ke gyara wannan.

Rauta ta hannu

Rauta mota ce mai juya ɗan ƙarfe mai kaifi sau dubu 20 ko fiye a minti ɗaya. Makita da Bosch da Ingco duk suna yin ta, kuma matsakaicin janareta yana ɗaukar ta idan wuta ta ɗauke.

Don fitar da ramin sifika, ana ɗaura ta a kan siririn filawud, a kafa ƙusa a tsakiyar da'irar, sai a zagaya kamar kamfas ɗin 'yan makaranta. Kada a nemi huda milimita 18 a zagaye ɗaya. Sau uku ko huɗu ake bi, ana ƙara zurfi kaɗan-kaɗan, in ba haka ba bakin ya ƙone katakon. Idan aka samu fuska ɗaya mai kyau, sai ta zama abin kwafi: baki mai boris yana bin gefenta ya fitar da irinta.

Matsalarta ita ce komai ya dogara da hannu. Ƙusa ta motsa ko hannu ya girgiza, rami ya buɗe, iska ta riƙa zurarewa tana fito.

Injin CNC

Asalinsa injin da aka nuna a jami'ar MIT ta Amurka a 1952. Ana zana akwatin a kwamfuta, a adana shi a fayil irin DXF, wata manhaja ta mayar da shi umarnin G-code, sai injin ya yanke. Fuska goma za su fito iri ɗaya, har ramukan sukuru da gurbin haɗa gefe.

Sai dai teburin da ke ɗaukar falle mai ƙafa 4 da 8 ba zai shiga lungunan cikin gari ba, yana cin wuta sosai, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya ɓata falle. Don haka mai akwati ɗaya ba sayen inji zai yi ba, biyan kuɗin yanka zai yi a wurin masu kayan ɗaki ko allon talla da ke da shi. Ya kuma auna kaurin katakonsa da kansa, domin abin da aka sayar a matsayin 18 kan zo 17, injin kuwa lambar da aka ba shi kawai ya sani.

Wanne ya fi?

Mai haɗa akwati ɗaya ko biyu na ɗaki ko shago, rauta ta ishe shi. Mai dije da ke son akwatuna takwas iri ɗaya don biki, ko mai shirin sayarwa, CNC zai rage masa lokaci da ɓarnar katako. Akwai kuma hanya ta tsakiya: a yanke fuska ɗaya a CNC, a riƙa kwafarta da rauta.

Kunne ba ya gane injin da ya yi yanka. Abin da yake ji shi ne girman ciki, gam da ya toshe kowace kafa, da katakon tokare da ke hana bango rawa. Akwatin da zai riƙa yawo gara filawud, domin MDF ya fi nauyi kuma yana kumbura idan ya sha ruwan damina. Ƙurarsa ma tana cutar da huhu, don haka takunkumi da tabarau wajibi ne, kuma a cire filogi kafin a canza bakin rauta.