Ba wa Karnukan Tsere Ƙwaya da Yadda Ake Yaƙar Magudin

Tseren karnuka wasa ne da ya yi ƙarfi a Ingila da Ireland da Ostireliya. Ana yin sa da wani irin kare mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, wanda gudunsa kan kai kusan kilomita 70 a awa ɗaya. Ƙirarsa ta yi kama da ta karnukan da mafarautan ƙasar Gumel ke shiga daji da su lokacin rani, sai dai shi zomon bogi yake bi, wanda inji ke ja a gefen fili. A Ingila an fara wannan tsari a filin Belle Vue na birnin Manchester a 1926. Caca ce ke riƙe da wasan, kuma ita ce tushen matsalar ƙwaya.

Magudin iri biyu ne. Wani kan ba karensa abin da zai ƙara masa gudu, kamar hodar iblis, ko allurar gina tsoka, ko maganin kashe zafi da zai sa ya ruga a kan targaɗe har ƙafar ta lalace. Wani kuma da gangan yake rage masa gudu, da maganin sa barci ko ta cika masa ciki dab da tsere, don ya faɗi sau biyu ko uku. Idan 'yan caca suka fitar da rai da shi, ribar da ke kansa ta hau, sai a sake shi garau a kwashe kuɗi. Wannan ya fi wuyar kamawa, domin ido yana kan wanda ya ci, ba wanda ya zo na ƙarshe ba.

Gwajin fitsari shi ne babban makamin hukumomi, sai jini da gashi. A 2017 an samu burbushin hodar iblis a jikin Clonbrien Hero, karen da ya lashe babbar gasa a birnin Cork, kuma a shekarar an samu irin haka a karnuka da dama a jihar Florida ta Amurka. Amma samun burbushi bai cika kashe magana ba. Da yawan masu karnuka da naman mushe suke ciyar da su saboda arha, kuma maganin da aka yi wa saniyar kafin ta mutu yakan fito a fitsarin karen. Dole aka sa ma'auni: ƙasa da shi a ɗauka gurɓata ce, sama da shi a hukunta. Allurar gina tsoka kuwa takan bar fitsari kafin ranar gasa alhali amfaninta na nan, shi ya sa ake kai samame gidajen horo ba sanarwa. Kowane kare kuma yana da lambar da aka dasa masa ƙarƙashin fata, don kada a musanya shi da wani.

Inda gizo ke saƙa shi ne wa ke sa ido a kan wa. Hukumar kula da tseren karnuka da aka kafa a Birtaniya a 2009 tana samun wani kaso na kuɗinta daga gudummawar kamfanonin caca, abin da masu suka ke cewa yana ɗaure mata hannu. Ireland ta sake dokarta a 2019 don tsaurara gwaji da bin sawun kowane kare. Wasu sun gaji da gyara: masu zaɓe a Florida sun soke wasan a 2018, New Zealand ta sanar da nata haramcin a Disamban 2024. Jihar New South Wales ta Ostireliya ta haramta a 2016, ta janye bayan 'yan watanni.

A ƙasar Hausa doki ne dabbar tsere, a filayen sukuwa na Kano da Katsina da garuruwa da dama, kuma duk dabarun nan suna aiki a jikinsa. Dawaki na canza hannu kowace Alhamis a kasuwar Maigatari, bakin iyakar Nijar, maganin dabbobi kuwa ana saye a tebur ba takardar likita. Rajistar magungunan dabbobi aikin NAFDAC ne, safarar miyagun ƙwayoyi irin tiramadol kuma NDLEA ke bi.