Da Rana Kujera, Da Dare Gado

Mai karatu, ka taɓa ganin mutum tara suna kwana a ɗaki ɗaya? Ni na gani, a gidana ma. Tun shekarar 2019 'yan bindiga suka yi ta korar mutane daga ƙauyukan Sabon Birni da Isa. Waɗansu suka ƙetare zuwa jihar Maraɗi, waɗansu suka faɗa gidajen 'yan'uwa a cikin gari. Ƙanwar matata ta iso mana da yara huɗu. Tsohuwarmu kuwa ba ta iya kwana a ƙasa saboda ciwon baya. In an sa mata gado, ina za a zauna da rana?

Dabarar ba sabuwa ba ce. Buzaye sukan warware gadonsu sanda sanda su ɗora wa raƙumi. A Amurka da Ingila kuma akwai ƙananan ɗakuna da mota ke ja, inda kujerar zama ita ce gadon kwana. Sai na ce bari in gwada.

Ga yadda ake yi. A haɗa benci mai tsawon ƙafa 6, faɗi ƙafa 2, tsayi inci 16. Kada a rufe samansa da falanki ɗaya. A jera siraran katako masu faɗin inci 2 daga baya zuwa gaba, a bar inci 2 da rabi tsakaninsu. Sa'an nan a yi wani firam a gaba mai ƙafafunsa, a kafa masa nasa katakan su shiga cikin waɗannan gurabe, kamar yadda yatsun hannu biyu suke sarƙewa. Da dare a jawo shi waje inci 20, gado ya zama inci 44. A buga sanda a ƙarƙashin bakin katakan na ciki, domin kada yaro ya fizge shi duka. Katifa biyu ake yankawa: mai inci 24 ta zama, mai inci 20 ta jingina. In an shimfiɗa su sai su cika gadon daidai.

Na yi kuskure ɗaya. Na matse katakan ƙwarai a lokacin rani. Da damina ta sauka suka kumbura, gado ya ƙi buɗuwa, tsohuwa ta kwana biyu a tabarma. Dole na ɓamɓare na sake. Saboda haka kada ka yi rowar rabin incin nan. Ka goga kyandir inda katako ke gugar juna, ka ɗora ƙafafun a kan dutse saboda gara, ka kuma riƙa fitar da katifun rana saboda kuɗin cizo.

Yanzu da safe yara sukan tura gadon, su zauna su yi aikin makaranta, kwanuka da akwati suna ƙarƙashi. Ɗakin bai ƙara ko taki ɗaya ba, amma ba wanda muka ce ya koma.