Jirgin Gwangwani da Raunukan da Ake Rainawa

Tun lokacin da Faransawa suka fara shimfiɗa dogo daga Abijan a shekarar 1904, suka kai shi Bwake a 1912, da Bobo-Diyulaso a 1934, da Wagadugu a 1954, alhali niyyarsu ta asali ita ce su dangana da kogin Kwara a ƙasar Nijar, niyyar da Allah bai ƙaddara cikarta ba, jirgin ƙasa ya shiga rayuwar mutanen unguwannin Treichville da Adjamé na Abijan shiga ta sosai, domin kuwa dogon ya ratsa su duka biyu, kuma tun 1957 jirgi ke ƙetare ruwa ta ƙarƙashin gadar Houphouët-Boigny, motoci na bi ta bisansa. Abin da yaro ya buɗe ido ya gani kuwa, lalle sai hannunsa ya kwaikwaya. Saboda haka a lungunan unguwar Arras ta Treichville, ba abin mamaki ba ne ka tarar da yara sun tara gwangwanayen madara da na kifi da na tumatir, sun huda su da ƙusa, sun jona su da waya, sun yanko ƙafafu daga tsohon silifas, ga jirgi da taragai ana ja da zare.

Turawa ma suna da irin wannan sha'awa, sai dai a wurinsu manya ne suka fi riƙe ta, suna kashe mata dukiya da lokaci. Kamfanin Märklin na Jamus ya fito da ƙananan jirage masu dogo da ake harhaɗawa a 1891, Hornby na Ingila ya biyo baya a 1920, kuma gwargwadon da ya fi shahara a yau shi ne wanda ake ƙanƙanta kowane abu sau 87. A birnin Hambug akwai wani wurin baje koli, Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001, cike da waɗannan jirage da garuruwansu. Tarihin wannan wasa kuwa ba ya rasa ɓarna. Jiragen farko na ƙarni na 19 da tururi suke tafiya, ana kunna musu wutar sifirit a ciki, in sun kife sai shimfiɗar ɗaki ta kama. Na lantarki na farko kuma wasunsu daga wutar gida kai tsaye suke sha, har sai da aka koma ga na'urar da ke rage ƙarfinta zuwa abin da bai wuce bolt 20 ba. Raunukan masu wannan sha'awa a yau sanannu ne: yankan ƴar wuƙa, ƙunar ƙarfen liƙi, gam mai kama yatsu, ɓarɓashin waya da ke tsalle ya faɗa ido.

To, duk waɗannan muna da su, har da ƙari, domin namu yaran ba su da teburi balle tabarau na kare ido, kayan aikinsu reza ce da aka tsinta, da dutse a madadin guduma. Ni dai ban ga hikima ba ga uban da zai hana ɗansa wannan wasa ɗungurum, gama a nan ne basira ke tsirowa, kuma da yawa daga masu gyaran rediyo da makanikai ta wannan ƙofa suka shigo. Amma malaman fiƙihu sun lissafa kiyaye rai cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, saboda haka sanin inda cutar take wajibi ne a kan mai kula da yaro.

Mu fara da yanka. Bakin gwangwanin da aka tsaga yana da kaifi ƙwarai, kuma yawanci tafin hannu yake samu ko tsakanin yatsu. Yaro ya sheƙo gida jini na zuba, yana cewa, "Inna, gwangwani ya yanke ni," uwa ta ce, "Maganinka ke nan, ba na hana ka ba?" sa'an nan ta debo toka ko ƙasa ta danna a wurin, ta ɗaure da tsumma. Jinin ya tsaya, hankali ya kwanta, alhali a lokacin ne haɗarin ya soma. Mutane sun ɗauka tsatsa ce ke kawo tetanus, watau ciwon sarƙewar haƙora, amma haƙiƙanin al'amari ƙwayar cutar a cikin ƙasa take zaune da kashin dabbobi, tana iya shekaru ba ta mutu ba, kuma ba ta bunƙasa sai inda iska ba ta shiga, shi ya sa hujin ƙusa ko na waya, mai ƙaramin baki da zurfin ciki, ya fi faffaɗan yanka sharri. Alamunta kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, sau da yawa bayan an manta da raunin, sai muƙamuƙi ya ƙi buɗuwa, wuya ya sandare, har a fara zargin iska. Abin yi shi ne a danne wurin da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai yawa da sabulu, a duba katin rigakafin yaron, in akwai shakka a kai shi asibiti ran nan. Ga Cibiyar Kula da Tsabtar Jama'a ta Ƙasa nan cikin Treichville, inda ake yin allurar.

Ƙuna kuwa maganarta gajeriya ce. Ƙarfen liƙi yakan kai zafin digiri 350, ruwa mai tafasa kuwa 100 ne kacal. A sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi na gudana kamar minti 20, kada a shafa manja ko man goge baki ko ɗanyen ƙwai, kada kuma a fasa bororon da ya taso.

Wanda ya fi tsoratar da ni shi ne dalma, domin ita ba ta zubar da jini balle a yi kuka. Samarin da suka ɗan ƙware sukan je gun mai gyaran rediyo ko maƙerin gwangwani su ce, "Kawu, a taimaka mana da ɗan guntun dalma," wasu ma su fasa mataccen batirin mota su narka abin da ke ciki a gwangwani bisa gawayi. Ƙurarta na maƙale wa yatsu, yatsu su shiga kwanon abinci, ita kuma ta taru a jini da ƙashi sannu a hankali, ta dakushe fahimta, ta kawo ciwon ciki da ƙarancin jini, in ta yi yawa har farfaɗiya da ajali. Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba tsotse ta nesa ba kusa ba, kuma likitoci ba su san wani gwargwado nata da za a ce ba ya cutarwa ba. A Thiaroye, kusa da Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda fasa tsofaffin batura a cikin unguwa. A Zamfara kuma, a 2010, ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa a gidaje ta halaka yara ɗaruruwa. Ƙasashen Turai sun hana sa ta cikin yawancin kayan lantarki tun 2006, amma abin liƙin da ke kasuwanninmu galibi mai dalma ne. Wanda zai yi liƙi ya yi a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da ƙananan yara, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci wani abu. Fasa batiri kuwa ba aikin yaro ba ne ko kusa.

Saura ƴan batura masu kama da maɓalli, waɗanda yara ke cirowa daga agogo da fitilar hannu don su sa wa jirginsu haske. In ƙanensu mai rarrafe ya haɗiye ɗaya ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona naman wurin cikin sa'a biyu, ko da yaron bai nuna alamar komai ba. Kada a sa shi amai, kada a jira gari ya waye, a garzaya da shi asibiti a gaya wa likita abin da ya haɗiya da lokacin da ya haɗiye shi.