Sabuwar fanka, tsohuwar waya: ba kowace matsalar wuta ce ta SEEG ba

A Ntoum, garin da ke kimanin kilomita 40 gabas da Libreville, duk abin da ya sami wutar gida kamfanin SEEG ake ɗora wa jakar tsaba. Kamfanin kuwa shi ya jawo wa kansa. A 2018 gwamnatin Gabon ta karɓe shi daga hannun Veolia ta Faransa, a 2024 aka sa shi ƙarƙashin shugabancin riƙon ƙwarya bayan badaƙalar sayar da wutar mitar EDAN, ɗauke wuta kuma ya kai ga sai da aka koma ga jiragen ruwan Karpowership masu samar da lantarki a 2025. Wanda ya sha wannan wahalar ba a ganin laifinsa in ya yi zargi.

Sai dai akwai ƙorafin da ba na kamfani ba ne. An ɗaura fanka mai fitila a silin, washegari ƙwai ya fara ƙyaftawa, ko a kashe shi ya ci gaba da ɗan haske cikin dare, ko bireka ta riƙa faɗuwa. Maigida ya ce "wutar ce ba ta da kyau", wani ma ya rantse mita ta fara satar masa kuɗi. To, jiya ma wannan wutar ce a gidan. Abin da ya canza shi ne hannun da ya shiga silin.

Batun mita ba ya buƙatar dogon zance. Fankar silin tana cin wat 70 ko kusa da haka. In ta kwana tana juyawa awa 10, a wata ta ci yunit 21. Wannan ne kuɗin da ya ƙaru.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar da wasu masu gyara ke yi hankali kwance, wai waya biyu ce, duk wadda ka sa wa makunni fitila za ta mutu. Za ta mutu, gaskiya ne. Amma in aka sa makunnin a kan nutural maimakon layif, an tare hanyar komawar wuta ne kawai, ita kuwa tana nan tsaye a mazaunin ƙwan da cikin injin fankar. Mutanen Ntoum, da matatar ruwan Libreville ke garinsu, za su gane wannan da sauri: kamar ka toshe bakin tiyo da yatsa ne ka bar famfo a buɗe. Ruwa ya daina zuba, amma tiyon a cike yake, yana jiran ƙofa. A nan ƙofar ita ce hannun yaron da aka ce ya hau kujera ya canza ƙwai tunda "an kashe". Bolt 220 ne zai tarbe shi.

Ƙwan LED ne ke yawan tona wannan asiri, domin ɗan abin da ke zurarewa ya isa ya sa shi haske dishi-dishi. Ba kullum ne dalilin ke nan ba: makunni mai ɗan jan haske a jiki, ko wayoyi masu tsawo da suka bi bututu ɗaya, su ma suna haddasa hakan. Awo ke raba gardama. A kashe makunni, mai gyara ya auna tsakanin mazaunin ƙwan da wayar ƙasa da na'urar awo. Testa mai kama da sukudireba ba abin dogaro ba ce ita kaɗai, takan kama ko da wutar ba ta kai ta kawo ba.

Launin waya ma yana yaudara, musamman ga ɗan'uwanmu da ya koyi aiki a Kano ko Zariya ya zo ci-rani. A tsohon tsarin Ingila da ya cika gidajen Najeriya, ja ce layif, baƙa ce nutural. A tsarin Faransa da ake bi a Gabon, shuɗiya ce nutural, mai ratsin kore da rawaya ta ƙasa ce, baƙa kuwa tana iya zama mai ɗauke da wuta. Ga kuma wayar da ke gangarawa makunni ta dawo silin: wani lokaci shuɗiya ce ko baƙa, amma da an danna makunni wuta take kawowa. Mai gaggawa ya buɗe silin, ya haɗa shuɗi da shuɗi gaba ɗaya, ya danna makunni, sai ka ji tas, gida ya yi duhu. Kada a yi ta tayar da birekar ana sake gwadawa. A kashe babban makunnin gida, a ware wayoyin, a gano wadda ta fito daga makunni a yi mata alama da jan salatif.

Ƙyaftawar fitila duk lokacin da fanka ke gudu yawanci haɗin da ya saki ne. An murɗe waya da waya, an naɗe da salatif, girgiza ta yi ta sassauta su. Buɗe irin wannan haɗin bayan 'yan watanni, za ka tarar salatif ya yi danƙo, tagullar ta yi baƙi, ga ƙaurin roba. A gidan katako, irin waɗanda ke da yawa a unguwannin nan, daga nan gobara ke tashi. Domino, wato mahaɗin waya mai sukurori, ko maƙalin zamani ba su kai kuɗin faranti ɗaya na abinci ba. Fankar da ke gurnani ba ta juyawa sai an tura ta da sanda kuwa, kafasitarta ce ta gaji. In gurnanin ya fara ne tun ranar ɗaurawa, a duba ko an haɗa ta da maɓallin rage hasken fitila a madadin regileta.

Inda za a kira SEEG a bayyane yake: wasu ƙwayaye su yi haske fiye da kima, wasu su dushe, maƙwabta ma suna kuka da haka. Alamar nutural ta yanke a layin waje ke nan, kuma wuta na iya haurawa kusa da bolt 380. A kashe komai nan take.

Masu gidajen haya su ma da nasu. Ana karɓar kuɗin wata cif-cif, amma a leƙa allon wutar gidaje da dama, babu bireka mai gane zurarewar wuta ta miliamfiya 30, wadda ke yankewa kafin wuta ta yi wa mutum illa. Babbar birekar da ke kusa da mita ba wannan ne aikinta ba. Ban kuma ga hukuma na matsa wa kowa a kan hakan ba. In gidanka na da mai miliamfiya 30 ɗin, akwai ɗan maɓalli mai harafin T a jikinta. Danna shi sau ɗaya a wata. In wuta ba ta ɗauke ba, birekar ta lalace, a canza ta kafin a sake taɓa fankar.