Gani Ya Kori Ji? Tambaya Daga Maiwurno

Mu 'yan kasuwa mukan ce gani ya kori ji, amma a ƙauyukan Hausawa na Jazira, ƙasar Sudan, maganar ta gagara. Mark Duffield ya zauna Maiwurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Ya duba gonaki da 'yan ƙwadago, a littafinsa na 1981 ya ce jari-hujja ya gani. Bawa Yamba kuwa, a nasa na 1995, bakin mutanen ya saurara: jikokin da aka haifa can suna cewa maniyyata ne, Makka suka nufa. A ganinmu Yamba ya fi kusa, domin mu ma niyyar mutum muke aunawa kafin mu ba shi kaya bashi.