Gindin Gini da Ƙasar Tsakar Gida

A ƙasashen sanyi irin su Kanada da arewacin Amurka, inda ƙasa kan daskare da hunturu har ta ɗaga harsashin da ba a zurfafa ba, magina kan haƙa rami mai zurfi kafin su fara gini, kuma tun da an riga an sha wahalar haƙa, sai su mayar da ramin ɗaki a ƙarƙashin gida, su riƙa ajiye kaya a ciki, su kuma riƙa dubansa saboda danshi. Mu a yammacin Zamfara ba mu gaji wannan ba, kuma babu hujjar da za ta sa mu yi sha'awarsa, domin wanda ya haƙa ɗaki a ƙarƙashin ginin ƙasa a fadamar Gummi, rijiya ya haƙa wa kansa. Abin da ya cancanci a ɗauka daga gare su shi ne himmar lura da sashen gidan da ido ba ya yawan sauka a kansa, wato gindin bango da daɓe da ƙasar da iyali ke takawa dare da rana.

Magabatanmu ba su gafala da wannan ba. Duk wanda ya tsaya ya dubi tsohon rumbu zai ga an ɗora shi bisa duwatsu, iska na ratsawa ta ƙarƙashinsa, don kada lemar ƙasa da gara su kai ga hatsi. Haka nan dakalin da ke jingine da katanga, wanda mutane suka ɗauka wurin hira ne kawai, shi ne ke tare ruwan da ke fantsama daga indararo kada ya ci gindin bango. Mata kuwa sukan yi gayyar daɓe, su zuba tsakuwa, su yi ta bugu da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba, wanda ake jiƙawa daga ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta yi baƙi-baƙi ta yi santsi, ta daina tayar da ƙura. Ginin ƙasa galibi daga ƙasa yake fara mutuwa: ruwa ya kwanta, tubalin farko ya jiƙe ya yi laushi, nauyin azara da rufi ya danne shi, sai bango ya zube da dare alhali samansa lafiya lau yake. Ambaliyar da ta auka wa Gummi a daminar 2024 ta rushe gidaje masu yawa, kuma ko da yake ruwa irin wannan ya fi ƙarfin dakali, ko a shekarar da gulbi bai yi ambaliya ba, rariyar da shara ta toshe ta isa ta kayar da ɗaki.

Sai dai akwai musibar da ta fi ruwa, domin shi ruwa ana ganinsa. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da mutuwar ƙananan yara fiye da ƙima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, da aka bincika kuwa sai aka tarar gubar dalma ce, wadda ke tattare da duwatsun zinariyar da ake kawowa cikin gida, a daka a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baka. Yara kimanin 400 suka rasu, Allah Ya jiƙansu, wasu dubbai kuma suka kamu. Dalma ba ta ruɓewa, ruwan sama ba ya kashe ta, shara kuwa tayar da ita take yi; shi ya sa likitoci suka ce magani ba zai yi fa'ida ba muddin yaro zai koma kan ƙasar da ta sa masa ciwo. Dole aka bi gida gida ana kankare saman ƙasa, ana kwashewa a binne nesa da gari, ana shimfiɗa sabuwa mai tsabta, aikin da bai kai ga ƙauyen Bagega ba sai a 2013.

Malaman shari'a sun lissafa kiyaye rai da kiyaye dukiya cikin manyan maƙasudan addini, kuma a ganina magidancin da ya ƙawata zaure da fenti ya bar ruwa yana kwana a bayan ɗakin iyalinsa bai sauke amanar da ke wuyansa ba. Kafin ruwan farko a yashe rariya, a cike kwarin da ke jikin bango da birji yadda ruwa zai gangara waje, a sabunta yaɓen gindin katanga, a kuma nisanta ramin masai da rijiya. Mai aikin ma'adinai ya wanke jikinsa ya sauya tufa tun a wurin aiki, kada kuma a buga tubali da ƙasar wurin da aka taɓa niƙa dutse. Muna kira ga masu unguwanni da limamai da su tsaya tsayin daka a kan cewa dutsen zinariya ba ya ƙetare ƙofar zaure.