Akawun Lauya, Mai Bin Sawun Takarda

Tambayar farko da iyalin wanda aka kama ke yi ita ce, ina aka kai shi? A birni kamar Kano amsar tana da yawa. Yana iya kasancewa a bayan kanta a caji ofis na unguwarsu, ko a ofishin kwamandan yanki, ko a sashen binciken manyan laifuka da ke Bompai. Wataƙila ma ba 'yan sanda ne suka ɗauke shi ba, jami'an NDLEA ne ko Hisbah ko sibil difens. Idan an yi 'yan kwanaki kuwa, ta yiwu ya riga ya shiga Kurmawa ko Goron Dutse da umarnin majistare. Lauyan da aka ɗauka ba zai iya yin komai ba sai ya san inda mutumin yake da abin da aka rubuta a kansa, kuma ba kasafai shi ne ke zuwa neman wannan da ƙafarsa ba. Akawunsa yake turawa.

Sana'a ce da ba a cika kiran sunanta ba. Wasu akawunan sun yi difloma a fannin shari'a a makarantu irin Kwalejin Aminu Kano ta Nazarin Shari'a da Addinin Musulunci, wasu kuma sakandare kawai suka gama suka shiga ofishin lauya da shara da aike. Ko ta wace ƙofa mutum ya shigo, ainihin aikin a hanya ake koyonsa, tsakanin caji ofis da ofishin rajistara da ƙofar gidan yari.

Yakan fara ne da zaunar da dangi. "Inna, wace rana aka tafi da shi? Da dare ko da rana? Masu kaki ne ko farin kaya? Wane suna ya faɗa musu?" Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mai wuya, kuma a nan ake gane gwani. Bahaushe yana da sunan yanka, yana da laƙabin gida, yana da wanda abokai ke kiransa da shi a majalisa. Wanda uwarsa ta sani da Babangida, a makaranta Usman ne, kuma a gigicen kamu yana iya ba da sunan kakansa ko na garinsu a madadin na mahaifi. Ɗan sandan da ke riƙe da biro na iya zama mutumin Inugu ko Binuwai wanda kunnensa bai saba da sunayenmu ba, ya rubuta yadda ya ji. Muhammad ɗaya sai ya fito da rubutu iri uku a takardu uku, gidan yari kuma ya ce ba shi da mai wannan suna. Don haka akawun da ya san aikinsa ba ya dogara da suna kaɗai. Yana riƙe kwanan wata, da unguwar da aka yi kamun, da sunan wanda ya kai ƙara, da sunan ɗan sanda mai binciken, domin ko ɗaya ya ɓace ɗaya zai kai shi.

A caji ofis akwai littafin da ake shigar da duk abin da ya faru da lokacinsa, akwai na ƙararrakin laifi, akwai na waɗanda ke tsare da kayan da aka karɓa daga hannunsu. Ba a miƙa wa baƙo waɗannan littattafai ya buɗe. A Amurka ƙananan hukumomi da yawa suna baza sunayen waɗanda aka kama a intanet, har da hotunansu, amma a nan sai an je an gaisa, an nuna wasiƙar lauya, an jira DPO idan ba ya nan. Akawu yana cewa "yallaɓai" da "ranka ya daɗe" sau da yawa a yini, kuma ya san ɗaga murya a kanta ba ya fito da kowa.

Doka dai tana bayansa, in ya san ta. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuma cikin kwana biyu. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta wajabta a rubuta cikakken sunan mutum da sana'arsa da adireshinsa da laifin da ake zarginsa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, duka cikin awa 48. Ta hana kama wani a madadin wani, abin da iyaye da matan aure suka daɗe suna sha. Ta kuma ce shugaban kowane caji ofis ya kai wa majistare rahoton waɗanda ya kama ba tare da sammaci ba a ƙarshen kowane wata, majistare shi ma ya leƙa wuraren tsare mutane duk wata. Kaduna ta yi tata irin dokar a 2017, Kano a 2019. A ganina waɗannan sassa na rubutu sun fi kowane sashe amfani ga talaka, domin wanda aka shigar da sunansa a littafi an ɗauki alhakinsa, dole wani ya amsa idan aka tambayi inda yake.

Da zarar magana ta isa kotun majistare, abin da akawu ke nema shi ne takardar rahoton farko, wadda kowa a harabar kotu ke kira FIR. Tsohon gado ne daga dokar shari'ar laifuka ta Jihar Arewa ta 1960, wadda aka ɗauko tsarinta daga Sudan da Indiya. A cikinta ake ganin wanda ya kai ƙara, da abin da ya ce an yi masa, da sashen dokar da ake tuhuma a ƙarƙashinsa. Hoton waya ba ya wadatarwa. Dokar Shaida ta 2011 ta tanadi a biya kuɗin da aka ƙayyade a karɓi kwafi mai ɗauke da sa hannun jami'in da ke ajiye da takardar, da muƙaminsa, da kwanan wata, da hatimi. Akawu yakan rubuta takardar nema, ya biya, ya riƙe rasit, sannan ya yi ta sintiri har rajistara ya sa hannu.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne manyan laifuka kamar kisa da fashi da makami. Majistare ba shi da hurumin sauraronsu, sai dai ya tura mutum ajiya a gidan yari, a aika fayil Ma'aikatar Shari'a don lauyoyin gwamnati su ba da shawara. A wannan tafiya fayil ke maƙalewa. An yi wa ɗan sanda mai binciken canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, ko fayil ɗin yana cikin wata durowa ba wanda ya tuna da shi. Kimanin kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin Najeriya masu jiran shari'a ne, kuma a cikinsu akwai waɗanda takardarsu ce kawai ta tsaya a hanya. Gobara da tarzoma ma suna cin nasu rabon: an ƙona Babbar Kotun Igbosere da ke Legas a Oktoban 2020, an kuma fasa Babbar Kotun Jihar Kano da ke sakatariyar Audu Bako a Agustan 2024 aka yi ɓarna a takardu. Shi ya sa tsofaffin akawuna ke ajiye kwafin komai da lambar kowace ƙara a littafinsu na kansu.

Sana'ar tana da masu ɓata mata suna. A bakin kowace kotu akwai dillalan beli da ke tare dangi da alkawarin fito da mutum yau-yau, su karɓi kuɗi da sunan alƙali ko ɗan sanda, alhali belin caji ofis kyauta ne a doka. Akawun gaskiya yana da ofishin da za a same shi, yana kawo rasit, kuma ba ya kiran kansa lauya, don tsayawa gaban alƙali ba huruminsa ba ne. Bayan amanar kuɗi, amana ta biyu ita ce ta baki. Yana ganin sirrin gidaje, kuma akan zo masa a ɓoye a ce ya duba ko an taɓa kama wane, saboda neman aure ko ɗaukar aiki. Kamu ba hukunci ba ne, sashe na 36 ya ɗauki kowa a matsayin marar laifi har kotu ta tabbatar. Mai son shaidar cewa ba a taɓa samunsa da laifi ba, shi da kansa zai nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda, a ɗauki zanen yatsunsa a gwada da babban rumbun bayanan masu laifi da ke Alagbon a Legas.

Ko ranar da alƙali ya ba da beli ko ya sallami mutum, aikin akawu bai ƙare ba. Gidan yari ba ya buɗe ƙofa da labarin baki, sai ya ga takardar saki da sa hannun alƙali da hatimin kotu. Dole a cika sharuɗɗan beli, a tantance masu tsaya wa mutum da adireshinsu, a buga takardar, a samu alƙali kafin ya tashi, ma'aikacin kotu ya kai ta kafin a rufe karɓa. Idan ranar Juma'a ce aka makara, wanda aka saka zai ƙara kwana uku a ciki, sai Litinin.